RABUWAR ARZIKI: Waƙa da Sharhi a kan Lissafin Haƙƙoƙi Gabanin Saki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta aure ya sanya shi sutura ga bayinsa, kuma ya bar ƙofar rabuwa a buɗe ga waɗanda zama ya gagare su, don kada a dawwama cikin cuta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da Alayensa, da Sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, wannan waƙa ce mai baiti 22 tare da sharhinta bisa mazhabar Imamu Malik. Dalilin yin ta shi ne abin da muke gani a garuruwanmu: miji da mata su yarda su rabu ba zagi ba duka, kowa ya ce an yi rabuwar arziki, amma bayan wata uku sai ka same su a ƙofar alƙali a kan tunkiya ɗaya ko ragowar sadaki, dangi sun ɓata, 'ya'ya suna kallo. Ba komai ya jawo haka ba sai don sun rabu ba su yi lissafi ba.

BABI NA FARKO: LOKACIN LISSAFI

Da sunan Ilahi nake buɗe waƙa,
Ya ba ni basira, ya ban natsuwa.

Salati ga Manzo da Alai, Sahabbai,
Da duk wanda ke bin su, ya 'yan'uwa.

Nufina nasiha ga masu iyali,
Idan har zama ya gaza gyaruwa.

Ku zauna ku lissafa haƙƙin da ke nan,
Gabanin saki, tun ana gaisuwa.

Idan an saki, zuciya ta yi zafi,
Abin da ka san shi ya zam mantuwa.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, ba muna kiran kowa ga saki ba ne. Abin da ake fara nema shi ne sulhu. A Suratun Nisa'i, aya ta 35, an yi umurni da a tsayar da masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Idan sun yi iyakar ƙoƙarinsu abin ya ƙi, to hanya biyu kaɗai Suratul Baƙara, aya ta 229, ta bar wa miji: ya riƙe ta da alheri, ko ya sallame ta da kyautatawa. Sallama da kyautatawa kuwa ba ta tsaya ga sakin fuska ba. Asalinta shi ne kowa ya tafi da abin da yake nasa.

Dubi hikimar shari'a. Sakin sunna shi ne saki ɗaya, cikin tsarkin da miji bai kusanci matar ba. Ke nan wanda zai bi sunna sau da yawa sai ya jira kwanaki kafin ya furta. To, waɗannan kwanaki su ne na lissafi, tun tana gaishe ka kana amsawa, tun surukai suna shiga gidan juna. Da zarar an miƙa takardar saki, kunya ta tafi, masu zuga sun shigo, bashin da ka sani jiya yau ka ce kyauta ce. Kuma sau nawa aka zauna lissafi, mutum ya ga yawan abin da matarsa ta zuba cikin gidansa, jikinsa ya yi sanyi, aure ya gyaru.

BABI NA BIYU: SADAKI, BASHI DA KAYAN ƊAKI

Sadakinta nata idan kunka sadu,
Rabi za ta ɗauka rashin saduwa.

Ragowar da ke kanka bashi, ka san shi,
Daɗewar zama ba ta sa shafuwa.

Adashinta, shanunta, in ka ci bashi,
Biya ta a yau, gobe ba samuwa.

Ya ke 'yar'uwa, in da nasa gare ki,
Ki maido da shi tun gaban rantsuwa.

Gadonta da kwanonta, tasa, tukunya,
Su bi ta gidansu cikin gamsuwa.

Sharhi: Sadaki yana tabbata dukansa ga mace idan miji ya sadu da ita. Idan ya sake ta kafin saduwa, kuma an riga an ambaci sadakin, rabi ne nata, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 237. A Suratun Nisa'i, aya ta 20, an hana miji karɓe komai daga abin da ya ba ta ko da dukiya ce mai tarin yawa. Wanda aka yi masa ajali a kan wani sashe na sadaki ranar ɗaurin aure, wannan sashe bashi ne a wuyansa ko da sun shekara ashirin, ko da ba ta taɓa tambaya ba. Shirun mace kunya ce, ba yafewa ba ce.

Dukiyar mace tata ce a shari'a, aure bai haɗa ta da ta miji ba. Ribar ƙuli-ƙulinta, kwasar adashinta, gayaunarta, akuyar da ta gada wurin uwarta, duk nata ne. Idan ka karɓa da sunan rance, rance ne. Malamanmu sun tafi a kan cewa abin da mace ta kashe wa mijinta daga dukiyarta tana da ikon neman sa, sai fa in ta yi shi da nufin kyauta da sada zumunci. Haka nan watannin da miji yana da hali amma ya ƙi ciyar da ita, ta ciyar da kanta, wannan nafaƙa tana nan bashi a kansa. Amma lokacin da ba shi da ko ƙwandala, nafaƙar wannan lokaci ta faɗi, ba za a bi shi ba.

Ke ma, 'yar'uwa, ki ji tsoron Allah. Ajiyar da ya ba ki, jarin da ya ranta miki, hatsin rumbunsa, ki faɗa da bakinki kafin a kai ki ga rantsuwa da Alƙur'ani.

Game da kayan ɗaki, abin da iyayenta suka yi mata nata ne. Idan suka yi jayayya a kan wani abu babu shaida, hukuncin da ke cikin littattafan mazhaba, kamar Muhtasar na Shaihu Halil da Tuhfa ta Ibnu Asim, shi ne a duba al'ada: abin da aka san na mata ne a ba matar ta rantse, abin da aka san na maza ne ko na kowa da kowa a ba mijin ya rantse. To, dubi zamaninmu: keken ɗinki, firji, wayar hannu, injin markaɗe, waɗannan na wa ne? Mace ta sayi firji da guminta, ba ta da shaida, miji ya rantse ya ɗauke. Don haka muka ce a tantance su ɗaya bayan ɗaya tun kowa yana iya faɗin gaskiya.

BABI NA UKU: IDDA DA 'YA'YA

Cikin idda ci, sha, tufafi da ɗaki,
Suna kanka in dai akwai ɗinkuwa.

Idan da ciki, ko da ka yanke aure,
Abincinta kanka zuwa haihuwa.

Uba ne uba ko da aure ya ƙare,
Shi ke ci da yara, riƙo na uwa.

Sharhi: Iddar mai haila tsarki uku ce, ta wadda ba ta haila saboda ƙuruciya ko tsufa wata uku, ta mai ciki kuwa haihuwa. Idan sakin na kome ne, wato na farko ko na biyu ba tare da fansa ba, to ci da sha da tufafi da wurin kwana duk suna kan miji har idda ta cika, kuma idan ɗayansu ya rasu a cikinta ɗaya zai gaje shi. Idan sakin yankakke ne, kamar na uku ko na hul'i, tana da wurin zama amma ba ta da nafaƙa, sai in tana da ciki, sai ya ciyar da ita har ta sauka. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da mace daga ɗakinta cikin idda. Al'adarmu ta a kwashe kaya ranar saki a kai ta gidan ubanta, ubanta ya ci da ita wata uku, wannan al'ada ta saɓa wa littafi. Wanda ya yi haka ya sani ya ɗora wa surukinsa kayan da yake nasa.

'Ya'ya kuwa ba a sakinsu. Ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga yana iya nema, ta 'ya mace har mijinta ya tare da ita. Riƙo, wanda malamai ke kira hadana, na uwa ne tsawon wannan lokaci matuƙar ba ta auri bare ya tare da ita ba. Idan ta yi aure, riƙo ya koma ga kakarsu ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Haka yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da kowane almajirin ilimi ya karanta. Ƙwace yaro daga yaye don a guje wa biyan kuɗin ciyarwa ba daga littafi yake ba. Kuma bayan aure ya yanke, uwa mai shayarwa tana da ikon neman ladan shayarwa, kamar yadda aya ta 6 ta wannan sura ta nuna. Sai a yanka abin da uba zai riƙa bayarwa gwargwadon halinsa: mudu nawa na hatsi, jikka nawa a wata, wa zai biya magani da makaranta da kayan salla.

BABI NA HUƊU: FANSA DA KYAUTAR SALLAMA

Idan ita tan nemi fansa ta kanta,
Halal ne ka karɓa, in ba cutuwa.

Idan ka matsa mata har ta yi fansa,
Wuta ce ka ɗauka cikin rayuwa.

Ka ƙara da kyauta ta share hawaye,
Kaɗan ko da dama, ka sam ƙaruwa.

Sharhi: Hul'i shi ne mace ta ba da wani abu don a sake ta. Asalinsa labarin matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wanda Buhari ya ruwaito. Ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta bayyana cewa ba ta zargin mijinta a hali ko addini, amma ba ta iya zama da shi. Aka tambaye ta ko za ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ta yarda, aka umurci Sabitu ya karɓi gonar ya sake ta saki ɗaya. A mazhabarmu ya halatta a yi hul'i da daidai sadaki, ko ƙasa da shi, ko sama da shi. Amma idan ya tabbata miji ne ya cuce ta, ya hana ta abinci ko ya dake ta har ta gaji ta fanshi kanta, to sakin ya auku kuma dole ya mayar mata da abin da ya karɓa. Aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta hana wannan dabara.

A nan akwai wata mas'ala da mutane da yawa suke faɗawa cikinta ba su sani ba. Miji ya ce: "Ki yafe mini bashin da kike bi na, ni kuma in ba ki takardarki." Ta ce ta yafe, ya sake ta. To, wannan ya zama hul'i, domin saki ne da musaya. Babu kome a cikinsa sai da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki da yardarta, kuma nafaƙar idda ta faɗi in ba ta da ciki. Saboda haka a raba zancen bashi da zancen saki, kowanne da ƙofarsa, sai fa in hul'in suke nufi da gangan. Ko a cikin hul'i ma ba a sharaɗin ta bar ɗakin iddarta, domin wannan haƙƙin Allah ne, ba nata ba ne balle ta sayar.

Yafewa kuwa alheri ce, amma sai da daɗin rai, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta sharɗanta. "Na yafe" da aka faɗa gaban dattawa goma, murya tana rawa, uba yana zare ido, ba ita ke wanke mutum ba. A ƙidaya mata abinta tukuna, ta san adadinsa, a ba ta kwana biyu ta yi shawara, sa'an nan in ta yafe ta yafe.

Kyautar share hawaye ita ce malamai ke kira mut'ar saki, wadda aka ambata a Suratul Baƙara, aya ta 236 da ta 241. A wurin Malik mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta, kuma babu ita ga mai hul'i. Turmin atamfa ne, ko tunkiya, ko ɗan jarin da za ta fara zawarci da shi. A nan ake gane ɗan halak, domin abu ne da babu mai bin sa sai Allah.

BABI NA BIYAR: RUBUTU, SHAIDU DA HUKUMA

Ku sa a rubuta, ku nemo mashaida,
Rubutu shi ke maganin mantuwa.

Ku je gun hukuma ta sa hannu nata,
Ga mata da 'ya'ya ta zam garkuwa.

Sharhi: Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Idan an nemi rubutu tsakanin 'yan kasuwa biyu, ina ga mutum biyu da za su rabu alhali akwai 'ya'ya a tsakaninsu? Kada wani ya ce rubutu rashin yarda ne. Shaida yakan mutu, yakan yi ƙaura, yakan manta. Kuma idan miji ya rasu, bashi ake fara biya kafin a raba gado. Matar da aka saka ba ta da takarda, yaya za ta yi da magada da kishiyoyi?

Ga misali don a gane. A ce sadaki jikka 100 ne, an biya 60, saura 40. Ya ranci kwasar adashinta jikka 75 ya sayi taki. Ya sayar da tumakinta biyu jikka 50 da alkawarin zai mayar. Jimla 165. Ita kuma akwai ajiyarsa jikka 20 a hannunta. In an cire, tana bin sa jikka 145. Ya ba da 45 a take gaban shaidu, sauran 100 ya biya jikka 25 kowane wata har wata huɗu, ko a sa masa ajali zuwa kaka in manomi ne. Ba a ƙara ko dala a kan bashi saboda jinkiri, wannan riba ce.

Takardar ta ƙunshi sunayensu da na waliyyi, ranar da aka rubuta, abin da kowa ke bin wani da ajalin biya, jerin kayan ɗaki da dabbobi, wurin da za ta yi idda da abin da za a ci da ita, wanda zai riƙe 'ya'ya da abin da uba zai bayar, sa'an nan sa hannun shaidu biyu adalai. A yi ta kofi uku: nasa, nata, da na wanda aka yi a gabansa. Gargaɗi: kada a sa lafazin saki cikin takardar lissafi, domin saki yana aukuwa da rubutu in an ƙudurta shi. Takardar saki daban take, a ranarta.

Sa'an nan a kai ga hukuma. A ƙasar Nijar, dokar tsarin kotuna ta 1962, da wadda ta gaje ta a 2004, da ta 2018, sun bar al'amuran aure da saki da gado bisa al'adar masu shari'ar, kuma alƙali yana zama da mataimaka masana al'ada. Sarakunan gargajiya kuma suna da ikon yin sulhu a rubuta abin da aka shirya a kai. Ke nan babu uzuri ga mai cewa kotu ba ta san addininsa ba. 'Yan'uwanmu mazauna zango a Gana, da wannan ɗan littafi zai iya kai wa gare su, su ma su tuna akwai dokar rajistar aure da sakin musulmi tun 1907. Kowa ya nemi sanin dokar ƙasar da yake zaune, ya tabbatar da takardarsa a inda za ta yi aiki ranar da aka yi musu.

Amma ka kiyaye: hatimin alƙali bai halatta haram. Ya inganta daga Ummu Salama cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki har aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanka masa.

RUFEWA

Ka san tasbaha ba ta sauke amana
Ta bayin Ilahi, biya ɗan'uwa.

A ranar hisabi kuɗi ba su yawo,
Da lada akan biya, ba ɓoyuwa.

Ilahi ka gyara gidajen musulmi,
Ka tara mu gobe cikin inuwa.

Tamat, mun yi hamdi ga Sarki Ta'ala,
Da ke raya gona da saukar ruwa.

Sharhi: Ya kai mai zikiri safe da yamma, malaman tarbiyya sun haɗu a kan cewa tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe. Istigfari dubu bai biya jikka ɗaya ta matar da ka saka. Muslim ya ruwaito labarin matsiyacin gaskiya, wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan ya cuci wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya, in ya ƙare a ɗebo zunubansu a ɗora masa. Ka so wuridin shekara talatin ya tafi a kan tumaki biyu?

Wanda ya riga ya rabu da iyalinsa tun shekaru kuma ya san akwai saura, ƙofa ba ta rufe ba. Ya aika mata ta hannun waliyyinta, in ta rasu ya ba magadanta. Kada tsoron talauci ya hana kowa, domin a Suratun Nisa'i, aya ta 130, Allah ya yi alkawarin wadata kowane ɗaya daga ma'auratan da suka rabu daga yalwarsa.

Allah ya shirya tsakanin ma'aurata. Waɗanda rabuwa ta zama alheri gare su, Allah ya raba su da mutunci, ya musanya wa kowa da mafi alheri, ya raya zuriyarsu bisa tafarkin gaskiya. Wanda ya ga kuskure a ciki ya gyara, wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma sa mu cikin addu'a. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa baki ɗaya. Amin.